Kawunan Sarkin Rundunar da Ba Ta Koma Gida Ba

Lahadi, 8 ga Oktoba, 2023

Yau da hantsi na tsaya gaban teburin wani dattijo a kasuwar tsofaffin kaya. Katunan gaisuwa yake sayarwa da tsabar kuɗin da aka daina kashewa, sai wani kwalin takalmi cike da kawunan sarki, duk wanda ka ɗauka rabin yuro. Ba na iya wuce irin wannan kwali. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, marubucin wasiƙa ne a bakin gidan waya, a gindin teburinsa na koyi ɓamɓare kan sarki daga ambulan da ruwan ɗumi, kuma shekara 9 da na yi a nan birnin Bari na kudancin Italiya ba ta raba ni da wannan ɗabi'a ba.

Ina cikin tono sai hannuna ya faɗa kan wani guda mai hoton soja. Takardarsa toka-toka ce, mai kaushi kamar ta jarida. An rubuta Poczta Polowa 2 Korpusu, kuɗinsa kuma 2 zł. Harshen ba na Italiya ba, kuɗin ma ba lira ba. Na miƙa wa mai kayan, ya gyara tabarau ya duba, ya ce: "Na sojojin Poland ne, ɗana, amma a ƙasar nan aka yi shi. Mahaifiyata ta sha yi musu wanki."

Har na iso gida maganar ba ta sake ni ba. Me ya kawo sojan Poland kudancin Italiya har ya zauna ya buga kan sarki, kuma da kuɗin ƙasar da ba ya cikinta? Na yanke shawara zan bi sawun abin. Zan tara kawunan sarkin da wannan runduna ta fitar bayan Yaƙin Duniya na Biyu don neman taimako, in riƙa rubuta abin da na samu da yadda na same shi.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Mako biyu ina karatu da dare bayan an tashi aiki. Ban sayi komai ba, don ba na son tara abin da ban san labarinsa ba.

Mutumin da ke jikin kan sarkin shi ne Janar Władysław Anders. A watan Satumba na 1939 aka yi wa Poland shigar ƙofa biyu: Jamus daga yamma ranar 1 ga wata, Tarayyar Sobiyet daga gabas ranar 17. Aka kwashe dubban ɗaruruwan mutane daga gabashin ƙasar zuwa Saberiya da Kazakistan. Shi Anders an kama shi da raunuka a jiki, aka kai shi kurkukun Lubyanka a Mosko. Da Hitila ya juya wa Sobiyet baya a watan Yuni na 1941, sai lissafi ya canza. Ranar 30 ga Yuli Janar Sikorski, shugaban gwamnatin Poland mai gudun hijira a Landan, ya sa hannu a yarjejeniya da jakadan Sobiyet, Maiski. Aka buɗe wa Anders ƙofa, aka ce ya haɗa runduna da mutanen da ke fitowa daga sansanonin aikin dole.

Mutane suka riƙa zuwa a ƙafa da jirgin ƙasa, ƙashi da fata, mata da yara na biye da su, domin inda soja yake nan ake rabon burodi. A 1942 aka fitar da su ta tekun Kasfiyan, daga Krasnovodsk zuwa Pahlevi a Iran. Kusan mutum 115,000 ne suka fita, wajen 37,000 daga ciki farar hula, da marayu masu yawa. Daga Iran sojojin suka bi ta Iraƙi da Falasɗinu da Masar, a ƙarshen 1943 suka fara sauka a Taranto, wadda ba ta kai tafiyar awa biyu daga inda nake zaune ba. Sunansu a lokacin Runduna ta Biyu, wato 2 Korpusu ɗin da ke rubuce a jikin kan sarkin.

Sauran labarin yana rubuce a bangon garuruwan ƙasar nan. Ranar 18 ga Mayu, 1944 suka kafa tutarsu a kan kangon gidan ibadar Monte Cassino, a yaƙin da ya ci musu mutum 923. Ranar 18 ga Yuli suka ci Ancona. Ranar 21 ga Afrilu, 1945 suka shiga Bologna.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne wannan. Kafin su shiga Bologna, shugabannin Birtaniya da Amurka da Sobiyet sun riga sun zauna a Yalta a watan Fabrairu an bar wa Sobiyet gabashin Poland, wato yankin Lwów da Wilno, inda mafi yawansu suka fito. Ranar 5 ga Yuli, 1945 Birtaniya da Amurka suka janye amincewarsu da gwamnatin da waɗannan sojoji suka yi wa rantsuwa. An ci yaƙi, kowa yana ɗaure kaya zai tafi gida, su kuwa gidansu ya koma wata ƙasa, ƙasar da ta taɓa ɗaure su. A cikin wannan hali aka buga ɗan kan sarkin da na saya rabin yuro.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Na yi wa aikin kayan aiki: matsefata mai faɗin baki wadda ba ta huda takarda, gilashi mai ƙara girma sau goma, ma'aunin haƙoran gefe, da kundi mai baƙin shafi da aljihunan leda. Na kuma sami tsohon bugun Sassone, littafin da masu tara kan sarki a Italiya suke dogara da shi. A can wajen ƙarshe akwai sashe mai suna Corpo Polacco. Na ji daɗin ganinsa, kamar mutum ya sami sunan danginsa a rajista.

Ashe nawa ɗaya ne cikin huɗu: 45 gr, 55 gr, 1 zł da 2 zł, jerin da Italiyawa ke kira na nasarorin Poland a Italiya. Groshi 100 ne zloti ɗaya. Jiya na cike ukun da suka rage a wani shago, kuɗin bai kai na cefanen yini ba. Akwai su a takarda mai toka, akwai a fara, don haka huɗu sun zama takwas. Na shimfiɗa su a ƙarƙashin fitila. A ta tokar, idan ka kafa gilashi, za ka ga ƴan zare-zare a jikin takardar, tawada ta ɗan nashe a gefen haruffa, haƙoran kuma ba su fita tsaf ba, wasu ramukan ma ba su huje ba. A farar, zanen ya fi fitowa. Ni dai ta tokar ta fi kwanta mini, don ita ce ta yi kama da shekarar da aka haife ta.

Sai batun kuɗin. Sojan nan lira yake kashewa a kasuwar Italiya. Ba kantin da zai karɓi zloti daga hannunsa tsakanin Taranto da Bologna. Duk da haka wanda ya tsara kan sarkin ya rubuta groshi da zloti. Duk wanda ya daɗe a ƙasar mutane ya san wannan: kana biya da kuɗinsu, amma a zuciya kana juya shi zuwa na gida.

Lahadi, 3 ga Disamba

Yau na ji maganar da ta sosa mini rai. Na kai kundina wurin taron wasu masu tara kan sarki, yawancinsu tsofaffi ne da suka yi ritaya. Ɗaya daga cikinsu, wanda kowa ke saurara wa, ya buɗe shafin ya rufe, ya ce: "Waɗannan ba kawunan sarki ba ne, takardun sadaka ne. Kawo mini guda ɗaya da ya kai wasiƙa inda babu shi ba za ta je ba."

Na yi shiru, domin da gaskiyarsa a wani ɓangare. Sojan da ke bakin aiki yana aika wasiƙarsa ta yau da kullum kyauta ta gidan wayan soja, hatimi kawai ake buga mata. Saboda haka ba buƙatar aikawa ce ta haifi waɗannan ba. An yi su ne don a sayar, a tara kuɗin taimakon waɗanda yaƙi ya tagayyara, a kuma nuna wa duniya cewa rundunar tana nan. Yawancin ambulan da ake gani da su a kasuwa na ado ne: an jera duka huɗun reras, an buga hatimi a tsanake, ba lanƙwasa, ba datti, wani ma ba wasiƙa a ciki tun asali.

Amma ban yarda wannan ya rage musu daraja ba. Kan sarki shaida ce ta hukuma, cewa akwai ƙasa a bayansa. Waɗannan mutanen an ƙwace musu wannan shaidar, suka buga tasu da hannunsu, suka mayar da kuɗin ga nakasassu da marayunsu. In sunan abin takardar sadaka ne, to na karɓa, ita nake tarawa.

Duk da haka ƙalubalen dattijon ya shiga kaina. Daga yau ina neman ambulan guda wadda ta yi tafiya da gaske.

Talata, 26 ga Disamba

Asara. Na ajiye kundin a kabad ɗin da ke jingine da bangon waje, raɓar hunturu ta shige shi ban sani ba. Biyu daga cikin na farar takarda sun manne da leda, ƙaron bayansu ya narke. Na ɗaga ɗaya da matsefata, ya baro fatar bayansa a wurin. Ɗayan ban taɓa shi ba sai da ya kwana biyu a ɗaki mai ɗumi, ya saki da kansa, amma ƙaron ya yi tabo. Uwargida ta ba ni wuri a saman durowar kayanta, ta haɗa mini da ƴan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi. Ta ce, "Malam, nan ko gishiri ba ya jiƙa." Kundin yana tsaye yanzu, ba a kwance ba, kuma duk mako zan buɗe shi ya sha iska.

Lahadi, 21 ga Janairu, 2024

Gani ya kori ji. Yau na hau jirgin ƙasa zuwa Barletta, na dawo ta Trani. Garuruwa biyu ne a bakin teku, arewa da Bari, tsakaninsu bai fi kilomita 13 ba.

Dalilin tafiyar shi ne kashi na biyu na aikin. Bayan yaƙi mutane sun yi ta kwararowa wurin rundunar Anders: fursunonin yaƙi da aka saki a Jamus, waɗanda aka kai aikin dole, mata, yara, iyalan sojoji. Rundunar kanta ta haura mutum 100,000. Aka kafa wa farar hula matsugunai a Barletta da Trani, da makarantunsu. A 1946 aka fitar da kawunan sarki da sunan waɗannan matsugunai, Poczta Osiedli Polskich w Italii, wato gidan wayan matsugunan ƴan Poland a Italiya. Su kam da kuɗin Italiya aka rubuta su, santesimi da lira, bugunsu kuma ya fi na farkon kyau nesa ba kusa ba.

Na yi ta yawo a Barletta ban ga wata alama da idona ya gane ba. Na tsaya gaban ƙaton gunkin tagullar nan da ke bakin titi, na ce a raina yaran Poland ma sun ɗaga kai sun kalle shi haka. A Trani na zauna a gefen babban cocin da ke kan gaɓar teku, farin dutse, iska na kaɗawa da ƙarfi. Nan na buɗe ƴar ambulan da na karɓa a hannun wani mai shago makon jiya.

Guda ɗaya ne a ciki, kuma shi ne mafi tsada a duk abin da na saya zuwa yanzu. An rubuta masa 3 + 247. Lira 3 kuɗin aikawa, lira 247 taimako. Na sha ganin kan sarki mai ƙarin sadaka, yawanci sadakar ƴar kaɗan ce a kan kuɗin aikawa. A nan an kifar da lissafin: sadakar ta ninka kuɗin aikawar sama da sau 80. Wanda ya tsara wannan bai ɓoye komai ba. Lira ukun nan riga ce kawai aka sa wa roƙo don ya fita da mutunci. Wanda ya saya ma ya san ba wasiƙa yake biya wa ba.

Da dattijon nan na taro yana kusa, da na nuna masa, ba don in ƙaryata shi ba. Abin da ya faɗa ne a rubuce da lambobi, sai dai ni da shi ba mu karanta shi iri ɗaya ba.

Lahadi, 18 ga Fabrairu

Na ɗan kauce hanya, kuma na biya kuɗin kaucewar.

Tun kafin na Italiya, gwamnatin da ke Landan ta fitar da nata. Ranar 15 ga Disamba, 1941 aka fito da guda takwas: kangayen Warsaw, rushe mutum-mutumin marubucin waƙa Mickiewicz a Kraków, masu bindiga mai sarrafa kanta, tankar yaƙi, jiragen sama, da jirgin ƙarƙashin teku Orzeł. Dabarar ita ce, jirgin ruwa yanki ne na ƙasar da yake ɗauke da tutarta, don haka a jiragen ruwan Poland ake amfani da su. Waɗannan sun kai wasiƙu da gaske. A 1944 aka ɗauki manya huɗu daga ciki aka buga musu MONTE CASSINO 18.V.1944 da sabon kuɗi. A watan Fabrairu na 1945 kuma aka yi na boren Warsaw, wanda mutanen birnin suka yi wa Jamusawa a 1944, 1 zł + 2 zł. Na ga ya dace su zama shafin farko na kundin, don su ne iyayen na Italiya.

Na boren Warsaw ya zo lafiya. Huɗun Monte Cassino kuwa na saye su ta intanet a hannun wani da ban sani ba, saboda araha. Da suka iso na kai wa mai shagon da na saba da shi. Ya ciro nasa ya ajiye gefen nawa, ya miƙo mini gilashi bai ce komai ba. A nasa haruffan suna da kaifi, tsayinsu ɗaya, tawadar ta zauna a takarda. A uku daga nawa haruffan sun yi kauri, gefensu ya yi gashi-gashi, lambobin shekarar ba su zauna a layi ɗaya ba. Kan sarkin na gaske ne, bugun da ke kansa ne na jabu. Wani ya sayi mai araha ya ƙara masa rubutu ya sayar da tsada. Na rubuta wa mai kayan sau biyu, ba amsa.

Ban zubar da su ba. Na ba su shafi a can baya, na rubuta "jabu" da fensir a ƙasa, don su zama ma'auni. Abin da ya fi ɓata mini rai ba kuɗin ba ne. Ranar da mutane suka mutu a kan dutse ce wani ya mayar abin damfara.

Lahadi, 3 ga Maris

Ƙari biyu a gurguje kafin azumi ya kama.

Na sayi guda ɗaya daga ɗaya ɓangaren, wato na gwamnatin da ke cikin Poland ɗin kanta: na Westerplatte na 1945, 1 zł + 9 zł, tunawa da ƴan tsirarun sojojin da suka yi kwana 7 suna riƙe da wani ɗan tsibirin gaɓa a Gdańsk a farkon yaƙin. Na sa shi fuska da fuska da na Anders. Harshe ɗaya, kuɗi ɗaya, kowanne yana roƙo da sunan soja, amma hukuma biyu da ba sa ga maciji. A watan Satumba na 1946 gwamnatin Warsaw ta ƙwace wa Anders takardar zama ɗan ƙasa.

Na biyu ba kan sarki ba ne, labari ne da na ci karo da shi. Ashe a 1941 Birtaniya ta ɗebi hafsoshin Poland sama da 200 da ke zaune ba runduna a hannunsu ta kai su Afirka ta Yamma, suka yi aiki a rundunar da kakanninmu suka shiga, wadda Hausa ce harshen barikinta a Najeriya. Ban zaci zaren zai zagayo har gida ba.

Lahadi, 14 ga Afrilu

An sha ruwa lafiya, an yi salla ranar Laraba. Duk watan ban taɓa kundin ba sai don ya sha iska.

Jiya na ɗauki ƴata muka je Casamassima, kilomita 20 kudu da Bari. A can rundunar ta yi babban asibiti, waɗanda suka cika a asibitin kuma aka binne su a gefen garin. Kabari sama da 400 ne, a jere, wurin tsaf. Yarinyar tana bin layi tana karanta shekarun haihuwa da na rasuwa tana cirewa da yatsu. Can ta tsaya ta ce, "Abba, wannan shekararsa 19." Ta tambaye ni ko mamarsa ta san inda yake. Ban iya ba ta amsa ba.

Da yamma mai shagon nan ya kira ni ya ce in zo, ya ajiye mini wani abu. Ambulan ce ƙarama, launin ƙasa, ta yi laushi don tsufa. An naɗe ta biyu ta daɗe a haka har layin naɗin ya kusa tsagewa, irin na abin da ya zauna a aljihu ko cikin littafi. A kusurwa akwai zagayayyen hatimi, Poczta Polowa, wato gidan wayan soja, da lamba da kwanan wata na 1945. A gefe ga hatimin mai tace wasiƙu. Adireshin da tawada shuɗiya, an soke shi an rubuta wani a ƙasa da fensir, da wani hannu daban: wanda aka aika wa ya tashi, aka bi shi. A baya mai aikowa ya sa lambar rukuninsa da haruffa C.M.F., alamar dakarun ƙawance na tsakiyar Bahar Rum.

Babu kan sarki a jikinta ko ɗaya.

Ga ta nan dai, wasiƙar da ta yi tafiya da gaske, kuma ba ta buƙaci ko guda daga cikin abin da nake tarawa ba. Na saye ta ban yi ciniki ba. Na sa ta a shafi ɗaya da na 3 + 247, ita a sama, shi a ƙasa. Ɗaya ta kai saƙo ba ta biya ba, ɗaya ya biya bai kai saƙo ba, kuma mutane ɗaya ne suka yi duka biyun. Sunayen da ke jikinta ba zan kwafe su a nan ba, na iyalin wasu ne.

Lahadi, 26 ga Mayu

An yi bikin cika shekara 80 da Monte Cassino ranar Asabar ta makon jiya. Na bari sai da taro ya watse, jiya na je. Tafiya ce mai nisa daga Bari, na fita tun asuba.

Sai ka tsaya a ƙasa ka ɗaga kai kafin ka gane abin da aka ce wa mutanen nan su yi. Gidan ibadar, wanda aka sake ginawa bayan yaƙi, yana can bisa ƙololuwa, duk wanda ke sama yana ganin motsin kowa a kwari. Hanyar mota kanta murɗe-murɗe ce. Su kuma ta bayan dutsen suka bi, a kan tsakuwa da ƙaya, da dare, inda ba a iya haƙa ramin ɓuya.

Maƙabartar tana cikin wani kwari tsakanin gidan ibadar da tudun da ake kira 593. Kabari sama da 1,000, an jera su hawa-hawa da farin dutse. Furannin bikin ba su gama bushewa ba. A filin shiga an sassaƙa rubutu da harshensu, ma'anarsa: ya kai mai wucewa, faɗa wa Poland mun faɗi muna masu biyayya a hidimarta. Anders yana nan tare da su. A Landan ya rasu ranar 12 ga Mayu, 1970, bai sake taka ƙasarsu ba, aka kawo shi nan bisa wasiyyarsa.

Na zo da kan sarkin nan na rabin yuro a cikin leda a aljihun gaba. Na fito da shi na riƙe na ɗan lokaci, na mayar. Wata tsohuwa da ke gyara kyandir a wani kabari ta ga abin da ke hannuna, ta matso ta duba. Ba na jin harshenta, ba ta jin nawa, Italiyancinta ma kaɗan ne. Ta nuna hoton, ta nuna kabarin janar ɗin, ta dafa ƙirjinta ta ce, "Tata." Wannan kalmar na san ta, baba ke nan. Sai ta nuna arewa da hannu ta ce, "Anglia." Mahaifinta yana cikin waɗanda suka tsira, aka kwashe su zuwa Ingila a 1946.

Lahadi, 9 ga Yuni

Na kwance kundin gaba ɗaya na sake jera shi. Da lambobin Sassone nake bi, yanzu hanyar mutanen nake bi: Landan, sai fagen daga a Italiya, sai Barletta da Trani, sai Ingila.

Inda aka kwana: na Landan na 1941 sun cika takwas. Na Monte Cassino na 1944, ɗaya na gaske, uku ana nema. Jerin huɗun nan a takarda mai toka ya cika, a fara saura biyun da raɓa ta ɓata. Na Barletta da Trani ina da ƙananan da na 3 + 247, ban sami waɗanda aka yi wa ƙarin bugu da sunan ƴanci huɗu na Roosevelt, shugaban Amurka na lokacin yaƙin, ba, kuma bayan abin da ya faru a Fabrairu ba zan sayi mai ƙarin bugu ba sai an ajiye shi gefen na gaske. Haka ma waɗanda aka sake bugawa a 1954, cikar shekara 10 da yaƙin dutsen.

Shafin Ingila fari ne tas. A 1949 masu gudun hijirar sun kafa asusu a Landan mai suna Skarb Narodowy, wato baitulmalin ƙasa, duk wanda ya ba da gudummawa a ba shi ɗan kan sarki ya manna a katinsa. Katin nake so, wanda mai shi ya cika da hannunsa, ba sababbin da ba a taɓa mannawa ba. Mai shago ya ce irin wannan ba ya faɗowa a Bari, sai dai ya tambayi wani abokin sana'arsa a can.

A shafin Trani na bar gurbi mai faɗin ambulan, na zagaye shi da fensir. Na wasiƙar da ta fita daga matsugunin ne da kan sarkinsu a jiki, mai naɗi da datti da hatimin isa a baya. Ranar Asabar akwai wani tsoho a Molfetta da aka ce ya gaji akwatin takardu daga surukinsa. Jirgin ƙarfe 8 da ƴan mintuna zan bi.